Igiyar Rabon Ruwa

Ke Afiniki, ko kunya ba ki ji ba? Shekara goma sha shida kina sintiri zuwa makaranta, kin dawo da takarda har an kafa ta a bango, amma misalin da za ki ba yara ranar Lahadi sai kin zo wurin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba. Da kin tsaya kin yi tunani da ba ki tambaye ni ba, gama amsar tana kan cinyarki. Kwana uku ke nan ina kallonki. Ki zauna, ki tashi, ki buɗe kwamfutar nan, ki rufe, ki je bakin ƙofa, ki dawo. Tuwonki na jiya kaji suka ci. Na kuma ji abin da kika faɗa a waya, don kunnena bai mutu ba tukuna. Wai shafin da kika gina wa asibitin ikilisiya yana birkita jerin marasa lafiya, wadda ta zo da asuba sai ta koma ta ƙarshe. Allon da ke bango yana nuna jeri ɗaya, na ma'aikaciyar jinya yana nuna wani, alhali jerin sunayen ɗaya ne tak. Wai kuma Dogara abokin aikinki ne ya ɓata, gobe za ki kai ƙararsa wurin shugabanku.

Rufe abin nan. Ɗauki biro. Abin da na faɗa shi za ki rubuta, kada ki gyara mini Hausa. Ku kuma yara ku matso. Kezia, sauka daga kan turmi, ba kujerar ubanki ba ce.

A wani ƙauye an yi wani mutum, manomin rani, wanda aka ɗora wa rabon ruwa. Sarkin Fadama ake ce masa. Sunansa na yanka ba ruwanku da shi.

In rani ya yi tsakiya rafin garin yakan ƙafe, sai gurbi ɗaya ya rage a gindin wata kanya. Ruwa yakan tsattsafo ya cika gurbin kafin gari ya waye, a kwashe shi da jigo, doguwar sandar nan mai guga a baki. Yana isar lambu ɗaya, ba ya isar biyu. Lambunan kuwa tara ne. Saboda haka kowane gida yana da ranarsa, in ta wuce sai bayan kwana tara. Albasa tana iya daurewa kwana tara. In aka ninka mata, sai dai ka je ka tsinci lawashi a kwance.

Mutanen ba su da takarda, ba su kuma neme ta ba. Igiyar rama suke da ita, an zura mata sakaina tara, kowace da shaidar mai ita da aka ƙona da ƙarfe: wannan ƙafar kaza, wannan kibiya, wannan ido biyu. Ana rataye ta a wata rumfa kusa da ƙofar gidan Sarkin Fadama. A jikin ginshiƙin rumfar akwai ramuka tara da tsinke guda, kowace safiya tsinken yana sauka rami ɗaya. In yana rami na huɗu, ruwan ranar na mai sakaina ta huɗu ne. Shi ke nan.

Suna da ka'ida guda tun kakanninsu: ba a gyara tsohuwar igiya. In wani ya yi dashe yana bukatar a matso da shi gaba, Sarkin Fadama yakan tufka sabuwa, ya zura sakainun bisa sabon jeri, ya ƙone tsohuwar a gaban mutane.

Mutum biyu ne suke aiki da igiyar nan. Na fari Jatau mai shela, tsoho ne, idonsa ya yi hazo. Kowace la'asar yakan zo ya shafa wuyan igiyar daga sama. In ya ji ta da kaushi, sabuwa ce, sai ya zauna ya bi sakainun da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya haddace. In ya ji ta da santsi, tsohuwar ce, ba ya ɓata lokacinsa, ya riga ya san abin da ke jikinta. Sai ya bi gari yana kira, "Gobe ruwan gidan wane ne!" Na biyu Mantau mai jigo. Baƙo ne, shekara uku da zuwansa da mata da yara biyar, aka ba shi ɗan fili mai yashi a bakin fadama da aikin ɗiban ruwa. Shi ba ya haddace komai. Da sassafe ya dubi tsinke, ya ƙirga sakaina da ido, ya buɗe magudanar mai ita, ya toshe sauran, ya hau jigo.

Sarkin Fadama kuwa yana da tasa igiyar a ɗaka, irin ta rumfa sak, gama shi ya sassaƙa sakainun duka biyu. Igiyar gida yake ce mata. Mutum ne da ba ya iya tunani sai hannunsa yana riƙe da wani abu. Bayan 'yan kwanaki yakan zaga lambunan ya ga halin da suke ciki, ana gobe zai zaga kuwa sai ya ce wa matarsa, "Kyauta, kawo mini igiyar gida." Ta kawo, ya zauna yana kallonta yana tuna abin da zai duba a gonar kowa. Kullum yakan tarar da ita daidai da ta rumfa, ya ce a ransa, matar nan akwai kula. To a shekarar da nake ba ku labari gwiwarsa ta fara ciwo. Sai ya sake dabara. Maimakon kallo kawai, sai ya zare sakainun ya jera su daga lambun kusa zuwa na nesa, don kada ya yi ta kai da kawowa a kan gwiwa ɗaya. In ya gama ya zura su haka, ya bar igiyar a kan tabarma, ya shiga ɗaki.

Ana nan, wata la'asar Jatau ya yi shela cewa gobe ruwan Barmani ne. Barmani mace ce mai zafin nama, mijinta ya tafi cin rani shekara biyu bai aiko ko gaisuwa ba, albasar nan ce abincin 'ya'yanta. Lambunta shi ne na can ƙarshen fadama. Tun duku-duku ta kwashi yara da fartanya suka tsaya a bakin fangalin albasa suna jira. Hantsi ya yi. Rana ta take. Ko ɗigo bai zo ba. Ashe ruwan yana can yana malala a lambun wani mutum, Ƙosau, wanda ya sha shekaranjiya, shi kuma ya tafi kasuwa. Ruwa ya cika tumatirinsa, ya fasa kunya, ya bi daji.

Sarkin Fadama yana zaune a rumfa sai ga Barmani ta taho da bakin zanenta a dunƙule. Ta kwance shi a gabansa, busasshiyar ƙasa ta zube masa a ƙafa.

Ta ce, "Sarki, ga ruwan da ka raba mini. Na ce bari in kawo maka ka ɗanɗana."

Aka kira Jatau, aka kira Mantau.

Jatau ya ce, "Ni igiya na shafa, tsohuwar ce. Tun ranar da aka rataye ta Barmani ce ta biyar."

Mantau ya ce, "Ni ma igiya na bi. Ga ta nan, ku ƙirga."

Aka ƙirga. Kibiyar Ƙosau ce ta biyar. Ƙafar kazar Barmani tana can ƙasa, ta tara.

Jatau ya ce, "Kai baƙo, ko a garinku daga gindi ake fara ƙirga?"

Mantau ya ce, "Baba, ni dai da ido na ƙirga. Ban san da me ka ƙirga ba."

Sai da aka riƙe tsohon, don ya ɗaga sanda.

Sarkin Fadama ya dubi jerin nan, ya ji kamar ya taɓa ganinsa a wani wuri. Amma fushi bai bar shi ya tsaya ba. Ya zare sakainun a nan take, ya mai da kowace mazauninta, ya ce gobe a ba Barmani, sauran su yi haƙuri da kwana ɗaya. Kun ga, ya share ƙasar da aka zuba masa, bai tambayi ta inda ta shigo ba.

Daga ranar mutumin nan bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya ce awaki ne, ya ɗaga igiyar sama inda akuya ba ta kaiwa. Ya ce yara ne, ya kori duk yaron da ya gifta ta rumfar, har da jikokinsa. Ya ce iska ce, ya kewaye wurin da zana. In ya sa loma a baki sai ya tashi ya leƙa rumfa, ya ƙirga, ya dawo, ya ga kamar bai ƙirga daidai ba, ya koma.

Kyauta ta ce, "Maigida, ka zauna don Allah, kana sa mini jiri."

Ya ce, "Ke me kika sani? Gari guda a wuyana yake."

Ta ce, "To gari ya bar ka ka ci tuwo."

Kwana takwas ba abin da ya motsa. Hankalinsa ya fara kwanciya, ya tuna ya daɗe bai zaga lambuna ba. Ya ce a kawo masa igiyar gida, ya jera abinsa, da safe ya ɗingisa ya tafi. Bai kai rabin fadama ba ya jiwo ihu. Ranar Barmani ce ta sake zagayowa, ruwa kuma ya sake tafiya wani wuri.

Wannan karon gari duka ya taru a rumfa. Rabin albasar Barmani ya riga ya kwanta, ita kuwa ta zauna a ƙasa ta zuba tagumi. Ƙosau ne ya ɗauki igiyar ya ɗaga ta sama.

Ya ce, "Jama'a, ni ban yi karatu ba, amma ina da ido. Wancan karon sakainar wa ce a sama? Yau kuma ta wa ce?"

Suka duba. Ido biyu, shaidar Mantau.

Mantau ya ce, "Ni da nake kan jigo tun safe har yamma, in ruwa nake so in sata, sai na bi ta igiya?"

Ƙosau ya ce, "Ka ji! Ashe har ya san hanyar da ta fi sauƙi."

Sarkin Fadama ya ji mutane suna gunaguni, ya ji kamar ana cewa ya tsufa, rabon ruwa ya fi ƙarfinsa. Sai girman kai ya taso masa. Ya miƙe, ya buga sanda a ƙasa, ya ce, "Ku saurare ni. Duk wanda aka kama hannunsa a jikin igiyar nan, ko ɗan cikina ne, zai fita daga fadama, lambunsa kuwa ya zama na Barmani. Ku ba ni zuwa ranar kasuwa."

Ƙosau ya ce, "Mun ji, Sarki. Kwana biyar ke nan. In ranar ta zo ba ka kawo mana wani ba, mu mun riga mun san namu."

Kowa ya juya ya dubi Mantau. Shi kuwa ya dubi ƙasa.

Sai Sarkin Fadama ya mai da sakainun, ya ɗauko tabarma ya tare a bayan zanar rumfa. Can yake ci, can yake kwana, idonsa a kan igiya. Ya bar zagayen lambu, ya bar komai. Kwana ɗaya, biyu, uku, igiya tana nan yadda ya bar ta. Ya ce a ransa, lalle ɓarawon ya san ina tsaro. Ya rame, idonsa ya yi ja. Duk wanda ya gaishe shi sai ya dubi yatsunsa kafin ya amsa. Ya ga Mantau yana wucewa da sassafe, kafaɗa a sunkuye, ba mai amsa masa sallama. Ya ji labari matan gari sun daina ba matar Mantau aron taɓarya. Abin ya dame shi, gama a can cikin zuciyarsa bai ga mugunta a fuskar baƙon nan ba. Amma in ba shi ba, wa?

A rana ta huɗu ya ce, tsaro da ido ba zai yi ba, mutum yana ƙiftawa. Bari in sa igiyar ta tsare kanta. Ya je marina ya roƙi shuni, ya je daji ya ɓamɓaro ƙaro a jikin bagaruwa. Ya jiƙa ƙaron, ya dama shi da shunin. Da rana ta take, ba kowa a hanya, ya sauke igiyar, ya ƙulla ƙulli tsakanin kowace sakaina da 'yar'uwarta har ba mai iya motsi, ya ɗauki gashin kaza ya shafe bayan sakainun da damun nan. Wuyan igiyar, inda Jatau yake shafawa, ya bar shi fes. Ya ce, yanzu duk mai son ya matsar da ɗaya sai ya yi kokawa da ita, in ya yi kokawa kuwa zai zo kasuwa gobe da shaidarsa a hannu. Bai faɗa wa kowa ba, ko Kyauta.

Ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, ransa ya yi sanyi karo na fari a kusan mako biyu. Ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Da magariba ta yi, haske ya fara dushewa, ya ce a ransa, gobe bayan taro sai in zaga lambuna, na yi sakaci da su.

Ya ɗaga murya. "Kyauta, kawo mini igiyar gida."

Ta fita, ta dawo, ta ajiye masa a kan tabarma, ta koma wurin murhu. Ya kama sakaina ta fari zai zare. Ta ƙi. Ya ce, kai, yau kuma me ya samu abin nan? Ya sa hannu biyu ya ja. Ta ƙi. Sai ya ji yatsunsa suna mannewa da juna.

Ya tashi a hankali, ya je bakin murhu, ya buɗe tafinsa a hasken wuta. Yatsu goma, shuɗi kamar na marini.

Ya ce, "Kyauta. Wace igiya kika kawo mini?"

Ta ce, "Wadda nake kawo maka kullum."

"Igiyar gida na ce."

Ta ajiye muciya. "Igiyar gida? Wadda gara ta cinye bara, har da sakainun? Ai na nuna maka ragowar. Kai da bakinka ka ce, ɗauko mini ta rumfa yau kaɗai, gobe zan tufka wata. Ina nan ina jiran goben."

"Shekara guda ta rumfa kike ɗauko mini?"

"In ɗauko da magariba, in mayar da asuba kafin in yi shara. Ba a taɓa nemanta an rasa ba."

Ya ce, "Kin hallaka ni, matar nan."

Ta ce, "A'a, Maigida, tsaya. Ni na ɗauko, ni na mayar, ta wuya nake riƙe ta. Nuna mini sakaina ɗaya da na matsar. Na ɗauka ƙirga kake yi kamar da." Ta miƙa masa tafinta biyu. "Ga nawa. Ina naka?"

Sai komai ya dawo masa. Jerin da ya ga kamar ya sani, ashe hanyar zagayensa ce. Lambun Mantau ne na bakin fadama, shi ya sa yake hawa sama. Na Barmani ne na ƙarshe, shi ya sa take faɗawa ƙasa. Kwanakin da yake tsaro kuwa igiya ba ta motsa ba, domin mai motsa ta ne yake zaune yana tsaronta.

Ya nemi toka ya goge. Ya nemi yashi. Ya matse lemun tsami. Shuni ya yi masa dariya. Yana gogewa yana tunani: ai kowa ya ga na je marina. In na ce wurin haɗa tarko ya taɓa ni, wa zai musa? In na yi shiru, in tufka igiyar gida a ɓoye, abin ba zai ƙara faruwa ba, mutane su ce tun da aka kori baƙo aka huta. Lambunsa kuwa shi ne mafi kyau a fadamar, gadon ubansa, albasar ta fara kai.

Kyauta tana kallonsa. Ta daɗe da shi, ta san irin shirun nan. Ta ce, "Yaran Mantau biyar ne. Ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Abin da zan ce ke nan." Ta ɗauki tukunyarta ta shiga.

Da gari ya waye aka taru a rumfa. Mantau ya zo, matarsa tana bayansa da goyo, sun riga sun ɗaure tabarmi da tukwane, don sun san yadda ake yi wa baƙo. Sarkin Fadama ya fito da babbar riga, hannuwansa biyu a ciki.

Ƙosau ya ce, "To Sarki, ranar ta zo. Ka kama mana shi?"

Sarkin Fadama ya dubi jama'a. Ya dubi Mantau, ya dubi goyon. Ya ce, "Na kama shi. Na shafa wa igiya shuni jiya, na ce wanda ya taɓa ta zai zo da shaida. Kowa ya ɗaga hannunsa."

Aka ɗaga. Mantau ya ɗaga nasa, ba komai sai kanta irin ta mai jan guga. Sa'an nan Sarkin Fadama ya fitar da nasa daga cikin riga, ya ɗaga su sama da na kowa.

Ido duka ya koma kan yatsun nan masu shuni.

Jatau ya ce, "Me ya faru? Ku faɗa mini mana, kun san ba gani nake ba."

Aka ce, "Baba, hannun Sarki ne."

Sai ya ba su labarin tun daga gara har zuwa gwiwa, bai rage komai ba, bai kuma jingina wa matarsa ba. Ya ce, "Igiya ɗaya ce, na yi ta kiranta da suna biyu. Ina cewa tawa nake juyawa, ashe ta gari ce."

Jatau ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Ashe da ni da yaron nan duk gaskiya muka faɗa, saura kaɗan in fasa masa kai!"

Mantau bai yi dariya ba.

Dattawa suka ce, ai kuskure ne, ba sata ba ce, a bar maganar lambu. Har Ƙosau, mai bakin nan, ya ce a yi haƙuri. Sai Barmani ta miƙe ta ce, "Ni ban ce ya yi da gangan ba. Amma ku je ku faɗa wa albasata kuskure ne, ku ga ko za ta tashi."

Sarkin Fadama ya ce, "Ta faɗi gaskiya. Da hannun Mantau ne ya yi shuɗi, ba wanda zai tambaye shi ko da gangan ne." Ya yanke ƙullin da wuƙa, ya zare sakainarsa, ya sa ta a tafin Barmani. Ya juya ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo a gaban baƙon, ya ce, "Na bar su suka dube ka kwana biyar. Ka yafe mini."

Mantau ya ce, "Na ji." Ya kwance kayansa, ya tafi jigo, gama ruwa ba ya jira. Bai ƙara ce masa uffan ba har damina ta faɗi. Kada wani ya ce muku yafiya tana zuwa da gudu. Amma ranar da aka yi wa Sarkin Fadama gayya a gonar gero, Mantau ne ya fara isowa da fartanya.

Lambun ya tafi, bai dawo ba. Rabon ruwa kuwa aka bar masa, suka ce wa ya fi shi sanin yadda igiya take ɓaci? A ranar ya zauna ya tufka biyu, ta rumfa da ta gida, ya rina ta gidan ja don ko makaho ya tambaya a faɗa masa.

To ga ma'anar misalin nan, tun da sai an tauna an sa muku a baki. Igiyar nan ita ce duk abin da mutane da yawa suka dogara da shi: alkawarin da aka yi a gaban jama'a, sunan maƙwabcinka, aikin da ikilisiya ta danƙa maka. Yana hannunka ba ya nufin naka ne. Jatau shi ne masu amincewa da kai, waɗanda ba sa sake ƙirgawa don sun san ba ka gyara a ɓoye. In ka sake shawara, fito da sabuwa a fili kowa ya sani, kada ka taɓa tsohuwar ka mayar kamar ba abin da ya faru. Mantau kuwa yana nan a kowane gari, a kowane aji, shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, laifi in ya rasa mai shi wurinsa yake gangarawa. Shunin nan gaskiya ce. Ubangiji yana ganin hannu ko yana cikin riga, amma yana so kai ka fitar da shi da kanka. In za ka kafa tarko don mai laifi, kafa wanda zai iya kama ka. Wanda ba zai kama ka ba, ba gaskiya kake nema da shi ba, mutum kake nema.

Ke kuma Afiniki, na ji kina ce wa Dogara a waya, "Ni ban taɓa babban jerin ba, nawa daban na ɗauka na jera bisa haruffa." Kin tabbata daban ne? Ko suna kawai kika sake masa, kamar igiyar gida? In za ki jera don bukatarki, yi abin nan da kuke kira kwafi, ki juya shi yadda kike so. In jerin na gaske ne zai sake, ba allon bangon sabo fil, gama na ga alama halinsa ɗaya da Jatau, in ya shafa ya ji tsohon ne ba zai sake ƙirgawa ba. Kafin kuma ki kai ƙarar ɗan mutane, ƙulle jerin nan yadda duk abin da ya so motsa shi zai yi ƙara, ki ga hannun wa zai manne. In ba ku da irin wannan ƙullin a aikinku, to ban san me aka koya muku ba.

Na ga biro ya tsaya. Me kike kallo a ƙasa? Je ki buɗe abinki, ban hana ki ba. In kin ga shuɗi, Dogara za ki fara kira, ba shugabanku ba.

Ku kuma, me kuke jira? Kaji sun shiga akurki tun ɗazu. Kowa ya yi addu'a ya kwanta, kada in ji tari. Kezia, wanke hannun nan kafin ki hau mini tabarma. Naki miyar kuka ce, tana fita.